Ciwon da Baba Ya Ɗauko a Gindin Jirgi

Sambuang, tsakiyar Sha'aban

Yaya Rustang,

Bari in faɗi abin tun kafin in gaishe ka, don na san halina: idan na tsaya gaisuwa zan cika takardar da labarin maƙwabta, in liƙe ambulan ban faɗa ba. Ina zuwa wurin jirgin ruwan Japan ɗin nan da ya nutse a bayan murjani. Ni kaɗai nake zuwa. Tun watan da ka tafi Manado na fara, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna.

To, yanzu assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, Turawan naka kuma ba sa karya maka baya da ɗaukar tukwanen iskarsu na nutso. Inna lafiyarta ƙalau, in ban da haƙorin nan da ke tashi duk sanda ta sha abu mai sanyi. Ta ce in tambaye ka ko kana samun kasuami, dambun rogon nan namu, a can, ko sai shinkafa kullum kamar mutanen tudu. Goggo Nuhra ta sauka, mace. Gadar katakon ƙofar masallaci ta sake karyewa, ladan ya faɗa ruwa da zanensa da hularsa, shi da kansa ya fi kowa dariya.

Ga yadda nake yi. Idan ruwa ya janye sai in ce za ni ɗiban kodi, in ɗauki ƙaramin kwalekwale. Tabaran katakonka na nutso da ka bari a rataye su nake sawa. Sun yi mini yawa, ruwa yana shiga ta gefen hanci, amma na saba. Bututun numfashin da ka lanƙwasa da wuta ma yana nan. Ba na nutsawa, kada ka tsorata. Kwanciya kawai nake yi a kan ruwa rub da ciki, in yi shiru, in zuba ido ƙasa.

Ka san jirgin, amma ban sani ba ko ka taɓa kallonsa ba don kifi ba. Kan sandarsa yana kusa, kamar in miƙa hannu in taɓa. Murjani ya lulluɓe ƙarfen, wani ja, wani ruwan hoda, wani mai laushi yana rangaji kamar gashin mace. Ƙananan kifaye rawaya suna shiga ta wannan taga suna fita ta waccan, sai ka ce mata ranar kasuwa. Akwai wani kunkuru da ke barci a bakin ƙofa, ya san ni, ba ya ko motsi. Daga nan jirgin yana gangarawa, shuɗin ruwan yana ƙara duhu, har ido ya gaza.

Kada ka yi dariya. Na ƙirƙiro wani saurayi a cikinsa. Ma'aikacin jirgin ne, mai kunya, yana tsakiyar rubuta wa wata yarinya wasiƙa, yarinyar da bai taɓa yi wa magana ba, sai aka harbe jirgin a yaƙi. Da yake ban san sunayen mutanen Japan ba, na ba shi sunan da ke rubuce a jikin rediyon Kawu Baharing. Wani lokaci ina kan ruwa ina gyara masa wasiƙar a raina.

Akwai wani abu kuma. Makon jiya ina can sai ga kwalekwalen Baba da Kawu Baharing da injin iskarsu. Ka san teripang, tsutsar tekun nan da ake busarwa a sayar, ya ƙare a wurare marasa zurfi, yanzu manyan farare sai a gindin jirgin. Na laɓe a bayan dutse, fuskata a cikin ruwa. Na ga Baba yana sauka, tiyon injin a bakinsa, ya naɗe shi a ƙugu, yana ta ƙanƙancewa har ya zama kamar ɗan tsana, sai kumfa kawai ke tasowa. Ya sauka ya hau, ya sauka ya hau. A na ƙarshe injin ya yi tari, Baba ya taso da sauri. Da Kawu ya jawo shi cikin kwalekwale ya ɗan jima bai miƙe ba. Kawu yana murza masa ƙafafu yana tsokanarsa wai tsufa ya zo. Wataƙila gajiya ce.

Ashe Baba ya hango kwalekwalena. Da yamma ina wanke tukunya ya zo ya tsaya a kaina, bai yi faɗa ba, bai ma ambaci jirgin ba. Cewa kawai ya yi, “Mira, abin da teku ya nuna miki, ki bar wa teku.” Ka ga ke nan ya rufa mini asiri, ni ma in rufa masa.

Idan ka sami littafin soyayya mai araha ka aiko mini, amma ka duba shafukan ƙarshe suna nan. Wanda na aro a kasuwar Wanci ɓera ya cinye daidai inda za su haɗu.

Ƙanwarka,
Hasmira


Manado, cikin azumi

Zuwa ga amaryar aljanin ruwa,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai azumi a nan sai mai ƙarfin hali: kana ɗauke da tukunyar iska biyu a kafaɗa, Bature yana shan kankana a gabanka yana tambayarka me ya sa ka yi shiru. Ki gaya wa Inna babu kasuami, na rame, ta ji tausayina. Ki yi wa Goggo Nuhra barka. Haƙorin nan kuma a cire shi a huta.

Na karanta wasiƙarki a bakin jirgi, na yi dariya har abokin aikina ya ce ko an yi mini albishir da mata. Na ce a'a, suruki na yi, mai sunan rediyo. Ki gaishe shi. Ki tambaye shi ko sadakin a tsatsa zai biya ko a kodi.

Yanzu maganar gaskiya. Ki daina zuwa ke kaɗai. A nan ko wanda ya yi shekara ashirin yana nutso ba a barinsa ya shiga ruwa ba abokin tafiya. Igiyar ruwan bayan murjani idan ta juya ba ta sallama, kuma kin san haka. Ki tafi da wata ƙawarki, ko ki haƙura. Idan na ji kin ci gaba, ni da kaina zan rubuto wa Inna.

Batun Baba kuwa, Mira, na san ki. A littattafanki kowa sai ya suma, ko tuntuɓe ya yi. Wane mai tiyo ne bai taɓa fitowa ƙafarsa ta riƙe ba? Tunda ya tashi ya taka har ya zo ya tsaya a kanki yana ba ki karin magana, to da sauƙi. Ni dai na faɗa masa abin da na faɗa tun kafin in tafi, cewa iskar injin faci ba ta ɗan Adam ba ce, kin kuma ji amsar da na samu a gaban mutane: wai na zama bagai, ɗan tudu, mai tsoron ruwan da aka binne cibiyarsa a ciki, na tafi yi wa baƙi dako. Shi ke nan. Mutumin da ya fi sandar jirgin nan taurin kai, ba ni zan lanƙwasa shi daga nan ba.

Ga littafi nan guda biyu. Na duba ƙarshen, sun yi aure duka, kin ga na rage miki wahala. Ga kuma tabarau na roba da wata baƙuwa ta bari, ba sa yoyo. Na aiko ne don ki gani da kyau idan kin tafi da abokiyar tafiya, ba don ki ƙara kuzari ba.

Iskar yamma ta kusa, na san jirgin Kaftin La Uli mai kai wasiƙu zai daina zuwa. Kada ki damu idan kin ji ni shiru.

Yayanki,
Rustang


Sambuang, bayan ƙaramar Salla

Yaya Rustang,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, ka yafe mini abin da na yi maka a fili da ɓoye, ni ma na yafe maka, har da faɗa mini ƙarshen littattafan. Inna ta cire haƙorin, yanzu kuma kewarsa take yi. Iska ta hana kowa fita, rufin Goggo ya tashi, muna cin busasshen kifi har mun fara kama da shi. Ban san ranar da wannan takarda za ta tashi ba. Zan ajiye ta a cikin gwangwanin biskit har Kaftin ya zo.

Na ji haushinka kwana da kwanaki. Daga baya na gane laifina ne, na lulluɓe maganar da kifaye da furanni saboda ina tsoron ganinta tsirara a kan takarda. To yau babu kifi, babu fure. Ga abin da idona ya gani.

Silifas ɗin ƙafarsa ta hagu yana zamewa ya faɗa ruwa, bai sani ba sai ya isa gida. Sau uku ina tsamo shi da sanda in ajiye a bakin ƙofa.

Ranar da muke gasa kifin Salla ya taka garwashi. Ni na ji ƙauri kafin shi ya ji zafi.

Duk asham ɗin bana a zaune ya yi, a sahun baya, ya ce gwiwa ce. Inna ta yarda, tana shafa masa man kwakwa da citta, tana cewa sanyin ƙashi ne irin na kakanmu. Idan zai sauka tsani sai ya jira babu mai kallo. Idan ya shiga bayi yana daɗewa.

Wannan ba suman littafi ba ne, Yaya.

Ya je wurin sandro, mai maganin gargajiya, a ɓoye, ni na tuƙa shi, tunda ni kaɗai na sani. Ina zaune a waje ina jin su ta katako. Sandro ya ce masu jirgin ne suka riƙe ƙafar, don an shiga gidansu ba sallama. Ya ce ciwon da aka ɗauko a gindin jirgi, can ake mayar da shi: a kai sadakar ganyen siri, wanda ake taunawa, da shinkafa, Baba ya sauka daidai inda ya kamu, ya zauna, ya nemi afuwa, ya bar ciwon a nan ya taso. Ya ce da an yi tun ranar, da ya fi, amma ba a makara ba. Kawu Baharing ma ya ce haka ake yi, shi ya san mutum biyu da suka warke ta haka. Iska kawai suke jira ta kwanta.

A hanyar dawowa Baba yana ta raha. Ya ce in daina tuƙi kamar mai dama kunu. Ya ce idan ya sauka zai gaishe mini da kunkuruna. Ban san ya san da kunkurun ba. Na so in ce kada ka je, amma ka san pamali ne, haramun a al'adarmu, a ambata wa mai nutso mugun abu game da tafiyar da bai yi ba. Baki shi ke yanka wuya. Na haɗiye, na ce Allah ya ba da sa'a.

Kai da kake cikin masu sanin abin, gaya mini: haka ne? Zai warke? Ina so ka ce e. Idan ka ce e zan yi barci.

Ban koma wurin jirgin ba, iska ba ta bari. Na gwada tabaran robar a ruwan ƙarƙashin gida, na ga cokalin Inna da ya ɓace bara. Na gode.

Hasmira


Manado, farkon Zulƙida

Ƙanwata Hasmira,

Salamu alaikum. Ina lafiya a jiki. Wasiƙarki ta yi fiye da wata a hanya, jiya ta iso, ban iya cin abinci ba. Ki yafe mini. Kin faɗa mini gaskiya na mayar da ke abin wasa. Da na karanta ta farkon da idon basira, ba da idon mai fushi da ubansa ba, da tuni an yi wani abu.

Amsar ita ce a'a. Ba zan ce e don ki yi barci ba.

Na kai takardarki wurin matar da ke koyar da nutso a inda nake aiki, na karanta mata abin da kika lissafa, ita kuma ta kira wani likita ta waya. Ga yadda na fahimta. Kin ga kwalbar lemo idan aka girgiza aka buɗe da sauri? Haka jinin mutum yake idan ya daɗe a zurfi ya taso da gaggawa. Kumfar ta shiga ƙashin bayan Baba ta yi ɓarna. Mutanen da Kawu ya sani, a ranar aka mayar da su, sa'a kuma suka yi. Yanzu watanni sun wuce, kumfar ta tafi, ɓarnar ce ta rage. Babu abin da zai ajiye a gindin jirgi. Abin da zai iya yi kawai shi ne ya ɗauko wani a kan wanda yake da shi. Likitan ya ce jikin da ya kamu sau ɗaya, na biyun ba ya yi masa da sauƙi. Kin san Mbo Saleng na ƙarshen gada, wanda ake ɗauka a kai shi rana a dawo da shi. Shi ma da silifas ya fara.

Abin da ya rage na ƙafar ana iya tsare shi, wataƙila ma ya ɗan dawo, idan ya bar tiyo har abada kuma ya je asibiti a Makassar. Na yi magana da maigidana, zai ba ni hutu, ni zan kai shi. Likitan bai hana kamun kifi da mashi a ruwa mara zurfi ba, noman ciyawar teku ma ga shi mutane sun fara.

Ga takarda nan a ciki, na ninke ta daban, ta Baba ce. Na ba shi haƙuri a kan maganganun da na faɗa kafin in tafi. Na faɗa masa komai ba kwana-kwana, har da kalmar da ba a faɗa. Na san bai iya karatu ba, na san kuma ke ce mai karanta masa duk abin da ya shigo gidan. Wato bakinki nake aro. Na san nauyin abin da nake ɗora miki. Da akwai waya a Sambuang da ni zan ɗauki pamalin a kaina, ni da aka riga aka kira bagai. Amma babu, kuma iska ta kusa kwanciya.

Ki ba shi, Mira. Kada ki jira ranar da ta dace, ba ta zuwa.

Rustang


Manado, ƙarshen Zulƙida

Mira,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya. Wani ɗan Wanci da ya zo jiya ya ce teku ya kwanta a wajenku, kwalekwale sun fara fita. Ban ji daga gare ki ba. Ko takardar ba ta iso ba, ko ta iso ya yaga, ko kina fushi da ni. Duk wanda ne, rubuto ko layi ɗaya. Na sayi tikitin jirgin da zai tashi bayan babbar Salla, kafin nan babu wani. Ki gaishe da Inna. Ki gaishe da surukina ma, idan hakan zai sa ki amsa.

Rustang


Sambuang, farkon Zulhajji

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna tana ta shirin Salla, ta ji za ka zo, ta fara jiƙa rogo tun yanzu. Takardunka duka biyu sun iso, ta farko tun zuwan Kaftin La Uli na baya, ta biyu yau da safe. Bai yaga ba. Ban ba shi ba ne.

Ranar da ta farkon ta zo yana zaune a bakin ƙofa yana naɗe wuraren da tiyo ya tsage da robar taya. Ya ga ambulan a hannuna. Bai ɗago ba ya ce, “Ɗan dakon ne? Me ya ce?” Na buɗe tawa, na karanta masa gaisuwa, na ƙara da cewa kana tambayar gwiwarsa. Ya ce, “Takarda har biyu, gaisuwar ke nan? Lallai tawada ta yi araha a Manado.” Na ce sauran labarin littattafai ne. Ya yi murmushi ya ci gaba da naɗi. Tasa na sa ta a cikin ɗaya daga littattafan da ka aiko, don na san nan ne babu mai taɓawa.

Kullum sai in ce gobe. Ka ce kada in jira ranar da ta dace, amma kai ba ka ga fuskarsa ba tun da ruwa ya kwanta. Ya sayi ganyen siri. Ya sa Inna ta rina shinkafa, ya ce sadakar buɗe shekarar nutso ce. Yana waƙa. Mutum ne da ya ga ƙofar warkewa, ni kuma ka ce in je in rufe ta. Kuma ina tunani: idan na karanta masa kalmar shanyewa da bakina, ya ƙi ji, ya sauka, ya fito yadda ka ce, to duk Sambuang za su ce bakin 'yarsa ne. Ba su ne damuwata ba. Ni ma zan ce haka, har in mutu.

Na koma wurin jirgin sau ɗaya, da babbar 'yar Goggo, kamar yadda ka ce. Da tabaran roba ana gani har nesa, har wajen da a da duhu ne. Na ga inda Baba yake sauka. Yashi ne fari da gefen ƙarfe, babu komai. Na nemi saurayina a raina, ya ƙi zuwa. Na fi shekara ina gyara masa wasiƙar da bai taɓa bayarwa ba, ina ganin hakan shi ne daɗin labarin. Ranar ban ga daɗinsa ba.

Gobe bayan asuba za su fita. Kawu ya zo ɗazu ya gwada injin.

Da hantsi Inna ta aike ni kai wa su Mbo Saleng kifi. Na tarar da Yaya Darmia, 'yarsa, ta fito da shi rana tana yanke masa farcen ƙafa. Ƙafafun sun zama kamar itacen tuƙi. Yana ta ba ni labarin wani kifi da ya taɓa jansa har tsibiri na gaba, ita kuma tana cewa bara har tsibiri biyu ne, bana ya rage. Ya ce ta yi masa shiru, tsohuwar budurwa. Ta ce wa ya hana ta auren, in ba mai nauyin buhun gishiri ba. Suka yi dariya tare. Da ya yi gyangyaɗi na taya ta mayar da shi ciki. Ba shi da nauyi ko kaɗan, Yaya.

A bakin ƙofa na yi ƙarfin hali, ni da ban cika magana ba, na tambaye ta wai shin a lokacin wani ne ya yi masa mugun baki. Ta dube ni. Ina jin ta ga silifas ɗin Baba ita ma, gadarmu ɗaya. Ta ce, “Wa zai yi? Mu gidan masu kiyaye pamali ne. Na ga yana jan ƙafa wata biyu, uwata ta gani, ƙannensa sun gani. Babu wanda ya ce uffan. Ranar ma da addu'a muka raka shi har bakin ruwa.” Sai ta karɓi kwanon ta juye kifin, ta ce in gaishe da Inna.

Na dawo ina tafiya a hankali a kan gada. Ban san ko pamali gaskiya ne ba, kuma ba na jin zan taɓa sani. Amma shirun na gan shi da idona, na ɗauke shi da hannuna na kwantar a tabarma.

Na san abin da zai biyo baya. Zai ce na ci amanarsa, kuma gaskiya ne. Inna za ta ji komai, har da inda nake zuwa ɗiban kodi, kwalekwalen kuma na yi sallama da shi. Wataƙila ya daɗe bai kira ni Mira ba. Wataƙila ma duk da haka ya fita gobe. Ba ni da iko a kan wannan.

Kaftin zai tashi da cikar ruwan la'asar, dole in rufe wannan in kai masa, don haka ba za ka ji yadda aka ƙare ba sai ka zo. Baba yana nan waje, ina jin ƙarar wuƙarsa a kan roba. Inna tana kusa da shi tana kankare kwakwa, kuma ba zan jira ta tashi ba. Na ciro takardar daga littafin, tana kan cinyata. Daga wurin Kaftin zan wuce kai tsaye in durƙusa in miƙa masa da hannu biyu, in ce daga ɗansa ce. Idan ya ce karanta, zan karanta tun daga bisimilla har sa hannunka, ba zan tsallake layi ko ɗaya ba.

Ka yi haƙuri da rubutun, sauri nake yi.

Ƙanwarka,
Hasmira